Ƙullin Alkamar Iya

Akwai hoto guda a falonmu na unguwar Shisha a nan Makka wanda duk baƙon da ya shigo sai ya yi tambaya a kansa. Shi ne wanda aka ɗauka a birnin Venis na ƙasar Italiya ranar da aka ba littafina lambar yabo. Ga manyan mutane a jere cikin kwat, ga wata Baturiya a tsakiya tana murmushi, riƙe da jirgin ruwan gilashin nan da ke kan kabad ɗinmu, amma ni mai littafin babu ni babu alamata. Na ji irin bayanan da aka yi ta yi a bayan idona. Mutanen tsohuwar unguwarmu Jarwal sun ce 'yan sanda ne suka tsare ni. Wasu sun ce tsoron magana a gaban Turawa ne ya sa na sulale. Kai ma Anas, na ji ka da kunnena kana gaya wa abokanka da Larabcin nan naka wai barci ne ya kwashe abuya, wato ni babanka, a otal. To, tun da sauran numfashina, bari in rubuta muku yadda aka yi, ku 'ya'yana. A cikin maganganun nan uku guda ɗaya ce ta taɓa gaskiya, ita ma gefenta kawai ta shafa.

Kun san ɗalibi na zo Makka daga Zariya, da niyyar in gama in koma. Karatu ya ƙare, aikin yi wa alhazai tafinta ya riƙe ni, auren mahaifiyarku Zulai ya ƙarasa ɗaure ni. Amma ƙafata ba ta taɓa son zama ba. Da zarar alhazai sun watse gari ya yi shiru, sai in ɗauki jaka in shiga duniya, in dawo in rubuta abin da na gani da Hausa. Littafin da aka yaba ɗin na rubuta shi ne a kan tsohuwar hanyar da kakanninmu suka bi da ƙafa zuwa Makka. Na bi ta ni ma, daga nan zuwa can, ta Sudan da Cadi har Maiduguri. Baturiyar da ke cikin hoton ita ta fassara shi. Ta yi karatun Hausa a Kano tun tana budurwa, can aka raɗa mata suna Ladi, kuma da shi nake kiranta har yau. Ka'idata a rubutu guda ɗaya ce, ba ni da wata: abin da idona bai gani ba, alƙalamina ba ya rubutawa. Ku riƙe wannan, domin shi ya jawo komai.

A shekarar muna zaune a Jarwal, gida ɗaya da kakarku Iya, wadda kuke kira Sitti. Ɗakinta a ƙasa, namu a sama. Sana'arta sayar da alkama a ƙananan ledoji ga masu ziyara, su watsa wa tattabarun da ke kan hanyar Harami. Kullum tana zaune da tirenta, ido ɗaya a kan masu saye, ɗaya a kan 'yan baladiyya masu korar 'yan talla. Tsohuwa ce, amma in ta hango su, gudun da take yi da tire a ka ko budurwa sai ta shafa mata lafiya. Ba ta da iƙama, wato takardar zama, don haka tun da ta shigo Makka da ƙuruciyarta ba ta ƙara fita ba. Ɗanta na fari, kawunku Lawal, a nan aka haife shi, shi ma ba takarda. Yana saurayi aka yi samame aka haɗa da shi, aka kai shi Najeriya, ƙasar da bai san kowa a cikinta ba. Bai iya zama ba. Ya bi ta Agadas, ya shiga Libiya, ya hau teku. Sau ɗaya ya bugo waya ya ce ya sauka Italiya lafiya, daga nan shiru, har shekaru suka yi ta wucewa.

Iya ba ta taɓa kuka a gabanmu ba, kuma ba ta faɗin sunansa, kun san kunyar ɗan fari. Yaron nan kawai take cewa. Amma kullum da magariba, in an kwashe abinci, sai ta sa a zuba a wani kwanon sha mai murfi ja, ta ajiye a gefen katifarta, ko da zai shigo da yunwa. Da safe ta ba mabuƙaci, ta wanke kwanon, da yamma a sake cikawa. Kuma duk wanda ya dawo daga tafiya, ko Jidda ya je, bayan gaisuwa sai ta jefa masa tambayar nan:

"Ba ka ji labarin yaron nan ba?"

Ni da ita surukuta muke yi ta sosai, irin ta da. Ban taɓa haɗa ido da ita ba, ban taɓa cin ko dabino a gabanta ba. In za mu gaisa a bakin ƙofa nake durƙusawa, ita kuma ta juya fuska gefe. Shi ya sa na yi mamaki da Zulai ta hau sama ana jibi zan tashi, ta ce Iya na kirana. Na sauka na tsuguna a inda na saba.

"Malam, an ce ƙasar da za ka ita ce Italiya."

"Ita ce, Iya."

"To can ne yaron nan ya ce ya sauka."

Na ɗauka za ta ce in nemo shi, ina ta lalube a raina yadda zan gaya mata girman ƙasar ba tare da na karya mata zuciya ba. Ashe ta riga ni.

"Ba cewa zan yi ka nemo shi ba, na san ƙasa guda ba ɗaki ba ce. Akwai tattabaru a garin?"

"Na gani a hoto, Iya. An ce har sun fi na nan yawa."

Sai ta turo wani ƙulli da gefen tire, alkama ce cikin tsohon gyalenta, ba ta fi cikin tafi biyu ba.

"Ka watsa musu wannan, sadaka. Na gaji da watsawa a nan, ina so ta sauka a ƙasar da yake. In yana raye, Allah ya kai masa abinci yadda na kai wa tsuntsayen garin. In kuma ya riga mu, Allah ya kai ladan inda yake kwance. Amma ya waladi, ka tsaya ka ga sun ci. Kada ka watsa ka juya baya."

Na ce in sha Allahu. A raina kuwa har dariya na yi, na ce wannan ai shi ne saƙo mafi sauƙi da aka taɓa ba ni. Ni da aka taɓa ɗora wa injin niƙa daga Kartum?

Venis kuwa, 'ya'yana, duk abin da kuka ji a kanta bai kai ba. Gari ne da aka dasa cikin ruwa. Babu mota, babu babur, ko keke ban gani ba. Titinsu ruwa ne, tasinsu kwale-kwale, hatta mai kwasar shara da jirgi yake zuwa. Gidajen sun tsufa tukuf, ruwa na lasar gindinsu, amma kowanne yana tsaye da kwalliyarsa. Ina son garin nan har yau, ba zan ɓoye ba. Masu ba da lambar suka haɗa mu da sauran marubutan da aka gayyato, suka ba mu wata mai yi mana jagora, tana tafe da laima ja a ɗage sama don kada mu ɓace. Nan fa dariya ta kama ni har na riƙe ciki. Ni Habibu, da na ƙare rayuwata ina ɗaga tuta a gaban tsofaffin alhazai ina ta faɗin ku biyo ni kada ku saki layi, yau ga ni a bayan laima, baki buɗe, ina tuntuɓe da duwatsu saboda kallon sama. Na tuna yadda nake jin haushin alhajin da zai tsaya tsakiyar hanya yana ɗaukar hoto, sai ga wayata a hannuna na tare gada guda. Tun daga ranar na daina yi wa baƙi tsawa. An kai mu majami'ar da rufinta ke walƙiya da ruwan zinariya, an kai mu tsibirin masu hura gilashi, inda mutum zai ɗebo wuta a bakin bututu ya hura ta zama kofi. An kuma ajiye mini taliya baƙa ƙirin, wai da tawadar wani kifi aka dafa. Na ce marubuci ne ni, amma ban taɓa jin an ce in ci tawada ba. Na rufe ido na ɗanɗana, wallahi da daɗi.

Washegari aka kai mu babban dandalin garin. Ina shiga na ga tattabaru, irin namu sak, masu ruwan toka da wuya mai sheƙi. Na ce alhamdu lillahi, yau zan sauke nauyi. Na ja gefe, na kwance ƙullin, na yi bisimilla, na ɗebi kaɗan na watsa. Kafin tsuntsu ɗaya ya sa baki sai na ji usur, fiiit! Ga ma'aikata biyu cikin kayan sarki sun nufo ni suna kaɗa hannu, tattabarun suka tashi fir. Malama Ladi ta rugo tana haki.

"Wayyo Malam, ban gaya maka ba! An hana ciyar da tattabaru a garin nan. Kashinsu yana cinye tsofaffin gine-gine."

"A dandalin nan kawai?"

"A garin duka."

Na ce tabɗi, ashe su ma suna da baladiyya. Gaskiya mutanen ba su ci mutuncina ba. Da ta yi musu bayani cewa baƙo ne ni, sai suka yi mini gargaɗi cikin ladabi, ɗayan har da dafa ƙirji. Amma alkamar da na watsa tana nan a ƙasa, kuma amana ce. Sai na tattare babbar rigata na tsuguna ina tsince ta ƙwaya-ƙwaya daga tsakanin duwatsu, ma'aikatan na tsaye a kaina, 'yan yawon buɗe ido sun kewaye mu da wayoyi. Wani Bahaushe mai umara ya nuna mini hoton a wayarsa daga baya, ban san ta inda ya zagayo ba. To wannan shi ne kamun da 'yan Jarwal suke faɗa.

Daga nan yawon ya daina yi mini daɗi kamar da. Ƙullin yana aljihuna, duk inda na juya ina jin sa a cinyata. Shawara kuwa na sha ta. Malama Ladi ta ce in zuba wa kifi a ruwa, ai duk halittar Allah ce. Na ce tattabaru aka ce mini. Wani marubuci Balarabe da muke tare ya ce in watsa ta tagar otal da sassafe ba wanda zai gani. Na ce ni baƙo ne, an karrama ni, ba zan saka wa masu gari da karya dokarsu a ɓoye ba, kuma sadakar da aka yi da sanɗa irin ta ɓarawo ba ta kwanta mini ba. Sai ya yi dariya ya ce to in koma in ce wa tsohuwa sun ci mana, wa zai ƙaryata ni? Raina ya ɓaci da maganar nan. Mutumin da bai yarda ya yi wa takarda ƙarya ba, shi zai durƙusa a ƙofar Iya ya yi mata?

Ana gobe bikin, ina tsaye a gindin wata gada, sai na ji an ce da Hausa tsantsa:

"Kai, wannan kaya, Allah ya isa tsakanina da mai shi!"

Na waiga. Wani dogon mutum ne yana jan amalanke cike da akwatunan baƙi, yana hawa da ita matakala ɗaya bayan ɗaya. Na ce masa sannu da aiki. Saura kaɗan ya saki amalanken. Sunansa Iliya, mutumin Tawa ne ta Nijar, magidanci mai furfura a gemu, ya daɗe yana dako a garin. Da ya ji daga Makka nake sai ya kama hannuna da hannu biyu ya ƙi saki. Na tambaye shi ko ya taɓa jin wani Lawal haifaffen Makka, mai Hausa gauraye da Larabci. Ya yi tunani sosai, ya girgiza kai.

"Malam, ban san shi ba. Masu irin labarin nan suna da yawa, ba zan yi maka ƙarya ba."

Na gaya masa zancen ƙullin. Sai ya ce shi ba a cikin ruwa yake kwana ba, a wani ƙauye yake haya can bayan doguwar gadar da ta haɗa garin da tudu, kuma tsohon da ya ba su hayar yana kiwon tattabaru a bayan gidansa. Gidan mutum ne, tsuntsayensa ne, ba ruwan doka. Sai dai gobe Lahadi ce kawai yake da hutu. Gobe kuwa ita ce ranar bikin, da yamma, jirgina kuma jibi da safe. Na lissafa na ga in mun fita da hantsi zan je in dawo har in yi wanka in saka sabuwar rigata. Na ce mu je.

Mun hau jirgin ƙasa muka ƙetare ruwa, muka shiga bas, muka yi ta ratsa gonakin kayan lambu. Gidan tsoho ne mai jan rufi, a ciki akwai 'yan'uwanmu daga Mali da Gana da Nijar, duk suka fito gaishe da baƙon Makka. Mai gidan ya fito da sanda, wani guntun tsoho mai jan hanci. Iliya ya yi masa bayani da yarensu. Tsohon ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya ja ni har bayan gida. Ga ɗakin tattabaru na katako, babba, an share shi tas. Amma babu tsuntsu ko ɗaya a ciki. Tsohon ya nuna gonaki da sandarsa, ya nuna rana, ya sauke hannunsa ƙasa a hankali. Ko ba tafinta na gane. Sun fita kiwo, ba sa dawowa sai rana ta yi sanyi.

"Malam," in ji Iliya, "yau Lahadi, mota ba ta da yawa. In ba ka bi ta la'asar ba, ka rasa taronka. Ka bar mini ƙullin. Wallahi da hannuna zan watsa, in ɗauka a waya in turo maka."

Ban yi zargin Iliya ba ko kaɗan, mutumin kirki ne. Kuma kada ku ɗauka ubanku waliyyi ne da bai damu da yabo ba. Ina son lambar nan kamar me. Na ba tela a unguwar Utaibiyya shadda ya yi mini aiki na musamman saboda ita. Na haddace jawabina har Zulai ta gaji da ji. Tun ina ɗalibi ake ce mini rubutun Hausa ba ya kai mutum ko'ina, ga shi ya kawo ni inda za a kira sunana a tafa, a gaban mutanen da ba su san ma akwai mu a Makka ba. Na ciro ƙullin har na miƙa masa. Sai idona ya sauka a kan gyalen, na ga inda Iya ta yi masa faci da baƙin zare. Na ji muryarta tana cewa ka tsaya ka ga sun ci. Ba ta ce a nuna maka ba. Tambayar da za ta yi mini na san ta, kuma amsa biyu ce kawai, ko na gani ko an gaya mini. Na mai da ƙullin aljihu, na ce wa Iliya ya ara mini kujera.

Na buga wa Malama Ladi waya na ce ta karɓa a madadina.

"Malam Habibu, ka san abin da kake yi kuwa? Shekara da shekaru kana rubutu, yau ce ranarka!"

"Na sani, Malama. Ki ba su haƙuri. Ki ce marubucin ɗan aike ne, bai gama isar da saƙo ba."

Ina zaune na ji ƙarar motar la'asar ta tsaya a bakin titi, na ji ta tashi. Zuciyata ta yi zafi, har na ji ƙwalla, ba zan ɓoye muku ba. Mutanen gidan suka shimfiɗa kwali muka yi salla, suka dafa shayi irin na Buzaye, tsohon ya kawo mana inabi daga itacensa. Hira ta ɓarke. Kowa yana tambayar Ka'aba, yaya take in ka matso kusa, da gaske ne ba a taɓa barin ta ba mai ɗawafi? Kowannensu kuma yana da uwa a wani wuri da ke jiran waya. Ban san lokacin da zafin ya sake ni ba.

Da rana ta yi ja sai muka ji fuka-fukai. Suka zo garke guda, suka zagaya rufin, suka sauka a kan katako suna kallonmu. Tsohon ya sa yatsa a baki alamar a yi shiru. Na tashi a hankali, na kwance ƙullin, na ambaci sunan Lawal da na mahaifiyarsa, na faɗi niyyarta kamar yadda ta faɗa mini, na watsa duka har na kakkaɓe gyalen. Da farko ba wanda ya motsa. Can wata fara mai ɗigon baƙi a wuya ta diro, ta karkata kai, ta ɗauki ƙwaya ɗaya. Sai sauran suka zubo. Na tsaya ina kallo har suka tsince ƙasa tas. Da na juya na ga mazajen nan duk sun ɗaga hannu suna addu'a, tsohon ma yana tsaye a gefe da hularsa a hannu. Na yi yawo a duniya, na ga gine-gine da koguna, amma ban taɓa kallon abin da ya sanyaya mini rai kamar wannan ba.

Ko da na isa zauren taron, ana tattara kujeru. Malama Ladi ta miƙo mini jirgin gilashin tana hararata, sannan ta fashe da dariya. Ta ce ta gaya musu labarin duka, wai sun tafa fiye da yadda za su tafa wa jawabina. Na ce wannan kuma cin fuska ne, ba ta ji jawabin ba. Lambar yabo abu ce mai daɗi, kada wani ya ruɗe ku. Ta sa an karanta littafin a wuraren da ban taɓa zato ba, ta sa waɗanda suke ce mini mai yawon banza suka koma ce mini Malam marubuci. Na gode wa waɗanda suka ba ni, kuma ina goge ƙurarta da kaina duk Juma'a. Amma mutane ne suka zauna a ɗaki suka zaɓa, da wasu ne suka zauna da wani suka ba. Shi kuwa ƙullin nan, duk duniya ni kaɗai aka ba.

Na iso Jarwal ana kiran magariba. Bayan na dawo daga masallaci, ban ko hau sama ba, na durƙusa a ƙofar Iya. Zulai na ciki tana kwashe abinci, ke Safiyya kina goye a bayanta. Muka gaisa, ta yi mini barka da hanya. Na jira tambayar da take yi wa kowane matafiyi, amma ba ita ta yi ba.

"Sun ci?"

"Sun ci, Iya."

"Ka gani da idonka?"

"Da idona. Ina tsaye har suka tsince ƙwayar ƙarshe."

Na ajiye gyalen a ninke a bakin ƙofa. Ta ɗauka ta shinshina, ta ɗora a cinyarta.

"Irin namu ne?"

"Irin namu ne sak. Wata fara ce ta fara ci."

"Ƙasar tana da abinci?"

"Gonaki ne iya ganinka, Iya. Kuma akwai mutanenmu, suna salla, suna dafa shayi. Sun yi masa addu'a."

Ta shafa gyalen da ke cinyarta. Zulai, wadda Malama Ladi ta riga ta buga wa waya, ta kasa haƙuri, ta ce Iya kin san fa saboda alkamar nan bai je an ba shi lambarsa ba, a ƙauye ya zauna yana jiran tsuntsaye. Na harare ta, amma magana ta riga ta fita. Iya ta juyo. Tunda na auri 'yarta, ranar ce ta fara kallon fuskata sosai. Sannan ta miƙa hannu gefen katifa, ta ɗauko kwanon nan mai jan murfi da ɗuminsa, ta ajiye a gabana, ta buɗe.

"Shigo ciki ka ci."

"Iya, a gabanki? Bari in hau da shi sama."

"A nan za ka ci. Ɗa ba ya jin kunyar uwarsa."

Na cire takalmi na shiga ɗakin da ban taɓa takawa ba. Shinkafa ce da miyar kuɓewa. Ina ci, Zulai ta juya baya tana share ido da bakin zane, Iya kuwa tana zaune tana kallona, ba ta ɗauke ido ba sai da ta ga na cinye. Har Allah ya karɓi ranta ba mu ji labarin kawunku ba, kuma ba ta ƙara tambayar wani matafiyi ba. Kwanon dai ba a daina cika shi da magariba ba, sai dai ya daina kwana. Shi ne wanda kuke ganin ina cin abinci a ciki har yau, wanda kuke ta cewa in jefar saboda ya tsufa.